Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda Ake Tsara Ginin Koyar da Kimiyya a Jami'a

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka shaida, a da idan aka ce jami'a a ƙasar Arewa, hankali yakan tafi ne Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Amma daga farkon shekarun 2000 gwamnatocin jihohi suka shiga kai jami'o'i garuruwan da gonaki suka kewaye. Ta Wudil ta fara karatu a 2001, aka kafa ta Lapai a 2005, ta Aliero a 2006, ta Gadau a 2011, ta Kafin Hausa kuma a 2013. Ke nan manomi da makiyayi sun zama maƙwabtan jami'a, filayensu ne ake gini a kai, 'ya'yansu ne kuma ake fatan su cika azuzuwan.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani, musamman mazauna karkara da hakimai da dagatai da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, a kan yadda ake tsara ginin da ake koyar da kimiyya ga ɗalibai masu neman digirin farko. Uban da ya sayar da buhunan hatsi ko rago don ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya san irin ɗakin da za a koyar da yaron a ciki, domin a nan ne likita da mai haɗa magunguna da malamin gona da injiniya suke fara ɗora hannu a kan aiki.

Abin da ya bambanta shi da sauran gine-gine

Ajin karatu na yau da kullum bango ne da rufi da allo da kujeru. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa ya fi kama da madafa da asibiti da maƙera a haɗe, saboda ana kunna wuta a cikinsa, ana zuba asid, ana renon ƙwayoyin cuta, ana kuma auna abin da nauyinsa bai kai ƙwayar gero ba. Don haka yana buƙatar ruwa mai gudana, da wutar lantarki mai tsayawa, da hanyar fitar da gurɓatacciyar iska, da wurin tara dattin sinadarai. Masana sun ƙiyasta cewa ginin bincike mai cikakkun na'urori yakan sha makamashi ninki 5 zuwa 10 na ginin ofis mai girmansa. Duk abin da aka manta a takarda, gyaransa bayan an zuba kankare sai an fasa bango, kuɗin kuma ya ninka.

Har ila yau, akwai doka a kan lamarin. Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da tanadar cewa a jami'o'in da ke koyar da fannoni daban-daban, kashi 60 cikin 100 na guraben karatu su tafi ga kimiyya, kashi 40 ga sauran fannoni. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda aka kafa a 1962, ta sami ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'idojin karatu da tantance kwasa-kwasai ta hanyar doka mai lamba 16 ta 1985. Idan tawagarta ta zo, tana duba malamai da manhaja da ɗakin karatu da gine-gine da kayan aiki. Kwas ɗin da ya cika sharuɗɗa yakan sami cikakkiyar amincewa ta shekara 5, wanda ya gaza kaɗan a ba shi ta wucin gadi ta shekara 2, wanda ya faɗi kuma a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Ashe ke nan ginin da aka yi wa riƙon sakainar kashi yana iya rufe wa yaran gari guda ƙofar karatu.

Darasin da muka koya a 2012

A shekarar 2012 wani kwamiti da Gwamnatin Tarayya ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati don gano abin da suke buƙata. Rahotonsa ya lissafa ayyukan gini 701 da ba a kammala ba, daga ciki 163 an yi watsi da su. Kwamitin ya tarar da ɗakunan gwaje-gwaje inda ake kunna risho a madadin murhun gas na gwaji, da wasu inda ɗalibai ke jin labarin gwajin a baki, su rubuta sakamako ba tare da sun taɓa kayan ba. Rashin kuɗi yana cikin dalilai, amma rashin tsari ma yana ciki, domin an sha gina ɗaki ba tare da an tanadi ruwansa ko ma'aikacin da zai kula da shi ba.

Lissafi kafin zane

Matakin farko shi ne a zauna a amsa tambayoyi: me za a koyar, ga mutum nawa, ta wace hanya, kuma yaya adadin zai kasance nan da shekara 10 ko 20? Bari mu kawo misali don a fahimta. A ce ɗalibai 600 ne 'yan shekarar farko za su ɗauki darasin ilimin sinadarai, kowannensu yana da awa 3 na gwaji a mako, ɗaki ɗaya kuma yana ɗaukar mutum 40. Wannan ya ba mu rukuni 15. Idan ana zama biyu a rana daga Litinin zuwa Alhamis, da zama ɗaya da safiyar Juma'a, ɗaki ɗaya zama 9 yake iya ɗauka a mako. Saboda haka ana buƙatar ɗaki 2, masu zama 18, a bar 3 don shara da gyare-gyare. In kuwa ɗalibai suka kai 1,200, rukuni ya zama 30, ɗaki 3 ba za su isa ba, sai 4.

Masu zanen gini sukan ware wa kowane ɗalibi kusan murabba'in mita 5, wato ɗakin mutum 40 zai kai kamar mita 10 a faɗi, 20 a tsawo. Kowane ɗaki kuma yana son ɗakin shirya kaya a gefensa, da ma'ajiya, da ofishin ma'aikacin gwaji. Bugu da ƙari, a irin wannan gini abin da ake amfani da shi kai tsaye bai cika wuce kashi 55 zuwa 60 cikin 100 na faɗinsa ba. Saura yana tafiya ne ga baranda da matakala da makewayi da hanyoyin bututu. Wanda bai san haka ba sai ya zaci an yi ɓarnar fili.

Wannan lissafi aikin taro ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai malaman sashen, da sashen tsare-tsaren gine-gine na jami'a, da mai zanen gini, da injiniyoyin ƙarfin gini da na lantarki da na ruwa, da mai ƙididdige kayan aiki. Dole masu zane su kasance da rajistar hukumar ARCON, injiniyoyi kuma da ta COREN. Muna kuma jan hankali cewa kada a manta da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, domin su ne suka san inda famfo ke toshewa da inda ɗalibai ke cunkoso, kuma sau da yawa su ake bari a baya.

Zaɓen wuri da fuskar gini

Kowace jami'a tana da babbar taswira wadda ta nuna inda kowace tsangaya za ta zauna. Ana son ginin kimiyya ya kasance a kan tudu, nesa da fadama da hanyar ruwa, kusa da ɗakin karatu yadda ɗalibi zai isa da ƙafa tsakanin darasi da darasi, a kuma bar masa fili a gefe don ƙari nan gaba. Kafin a haƙa tushe sai an gwada ƙasar. Baƙar ƙasa mai laka, irin wadda ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa, tana kumbura da damina ta tsage da rani, kuma tana tsaga bango idan ba a yi mata tushen da ya dace ba.

Fuskar gini ma ilimi ce. A yankinmu rana takan bi ta saman kai, don haka bangon da ya kalli arewa ko kudu ɗan rufin baranda ya ishe shi inuwa. Bangon gabas da na yamma kuwa su ke shan hantsi da ranar la'asar kai tsaye. Shi ya sa ake miƙe gini daga gabas zuwa yamma, a jera tagogi a arewa da kudu, a bar gajerun bangwaye ga matakala da makewayi. Wannan dabara ba sabuwa ba ce a ƙasar nan: Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarun 1950, sun yi amfani da baranda da bango mai huda-huda don iska ta ratsa, rana kuma ta tsaya a waje.

Sai dai abin da ya yi daidai a Ibadan ba lallai ya yi daidai a Arewa ba. Muna da ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda ke lalata madubin duba ƙwayoyin cuta da ma'auni mai laushi. Muna da zafin bazara da ke haura maki 40. Muna kuma da guguwar farkon damina mai yaye kwano. Saboda haka ake raba ɗakuna gida biyu: azuzuwa da ofisoshi a bar su da tagogi masu shan iska, ɗakunan na'urori masu tsada kuma a rufe su ruf, a sa musu na'urar sanyaya ɗaki. Bango mai kauri yana rage zafi, kamar yadda soron ƙasa ya koya mana tun kaka da kakanni. Itatuwan inuwa ma suna taimakawa, muddin an dasa su nesa da tushe da bututun ruwa.

Cikin ɗakin gwaje-gwaje

Akan zana ginin a bisa ma'auni guda da ake maimaitawa, mai faɗin mita 3 da 'yan kai, wanda ya ɗauki tebur biyu da hanya a tsakaninsu. Amfanin haka shi ne, idan buƙata ta canza, sai a matsar da bangon tsakiya ba tare da an taɓa ginshiƙi ba. Hanyar da ke tsakanin tebura ta kai mita 1 da rabi, yadda mutum biyu za su yi aiki baya da baya, na uku ya wuce da kwalba a hannu. Teburin aikin tsaye yakan kai santimita 90, na zaune kuma kimanin 75. Saman tebur ya zama wanda asid da wuta ba sa ci, daɓen ƙasa kuma mara santsi.

Rigakafi ya fi magani. Kowane babban ɗaki yana son ƙofa biyu, nesa da juna, masu buɗewa waje, domin idan gobara ta tashi mutane turawa suke yi. Muna gargaɗi a kan ɗabi'ar garƙame ƙofa ta biyu da kwaɗo, da toshe kowace taga da ƙarfen da ba ya buɗewa, da sunan tsoron ɓarayi. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce, wanda sinadari ya fallatsar wa ya iya kaiwa ga famfon wanke ido cikin daƙiƙa 10, ruwan kuma ya yi minti 15 yana zuba. A sa makunnin da zai yanke gas da lantarki gaba ɗaya kusa da ƙofa. Tukwanen gas su zauna a rumfa mai iska a waje, ma'ajiyar sinadarai kuma ta kasance mai sanyi, a raba asid da abubuwan da ke saurin kama wuta. A bakin ƙofa a tanadi wurin ajiye jaka da sa rigar aiki, inda mai babbar riga zai tuɓe, mai hijabi kuma ta cusa gefensa cikin rigar kafin a kusanci wuta.

Akwai kuma akwatin zuƙe hayaƙi, wanda ake yin gwajin da ke fitar da tururi mai guba a cikinsa. Fanka tana jan iska ta bakinsa da saurin kimanin rabin mita a daƙiƙa, ta fitar da ita ta bututun da ya haura rufi da aƙalla mita 3. Iskar da ta fita daga irin wannan ɗaki ba a mayar da ita cikin gini. Shi ya sa ake yawan sa sashen sinadarai a bene na sama, ma'aunai da na'urorin da ba sa son girgiza kuma a ƙasa, nesa da janareto.

Haka zalika, dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika a 2024. Sabon gini ba shi da uzuri. Gangaren keken guragu kada ya wuce hawan mita 1 a cikin tafiyar mita 12, a kuma sa tebur guda mai ƙasa-ƙasa a kowane ɗaki.

Ruwa da wuta da datti

Ɗakin gwaje-gwaje mara ruwa kango ne mai fenti. Tun a takarda ake lissafa rijiyar burtsatse da tankin sama da na ajiya. Ta fuskar lantarki, wasu firji suna riƙe samfuri a maki 80 ƙasa da sifili, kuma ɗaukewar wuta ta kwana guda tana iya rushe aikin shekara. Don haka ake ware layi na musamman ga na'urorin da ba a son su tsaya, a haɗa shi da batir da hasken rana. A 2019 an ƙaddamar da tashar lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, abin da ya nuna cewa ranar da ke ƙona mu tana iya yi mana aiki.

Batun datti shi ya fi shafar maƙwabta. Ruwan da ya fito daga teburin gwaji yana bi ta bututun da asid ba ya ci, ya shiga tankin da ke kashe kaifinsa kafin ya wuce. Sinadarai masu guba kuwa, irin su dalma da zaiba, ba a zuba su a magudana ko kaɗan. Tara su ake yi a mazubi mai alama, a miƙa wa masu izinin sarrafa su. Ramin da ruwan datti ke tsumewa ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Ba mu manta da abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara ba, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Wannan masifa ba daga makaranta ta fito ba, amma ta koya mana illar guba idan ta shiga ƙasa, ta kuma nuna mana buƙatar samun 'ya'yanmu da suka iya gwada ƙasa da ruwa da jini.

Gini yana bin hanyar koyarwa

A ƙarshen shekarun 1990, a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, Farfesa Robert Beichner ya jagoranci sauya fasalin ajin fiziks: aka kawar da jerin kujeru masu kallon allo, aka sa tebura masu kewaye, kowane da ɗalibi 9 a rukuni uku-uku, malami yana zagayawa a tsakaninsu. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225, suka gano cewa inda malami ke magana ɗalibai na saurare kawai, kusan kashi 34 cikin 100 ne ke faɗuwa, inda kuwa ɗalibai ke aiki da kansu, kusan kashi 22 ne. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe. Abin da wannan ke nufi ga mai zane shi ne, baya ga babban zauren lacca, a samar da azuzuwa masu shimfiɗaɗɗen daɓe da kujerun da ake iya juyawa, da baranda mai faɗi da benci da allo, inda ɗalibai za su zauna su yi bita.

Kuɗi da kwangila

Mafi yawan irin waɗannan gine-gine a manyan makarantun gwamnati suna fitowa ne daga kasafin kuɗin gwamnatin da ta mallaki makarantar, ko daga asusun TETFund. Asusun ya samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, aka kuma sake masa fasali a 2011 ya koma kan manyan makarantu kaɗai. Ko daga ina kuɗin ya fito, na jama'a ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe komai a bulo da siminti, a bar kayan ciki sai wata shekara. Kasafi nagari yana haɗa gini da tebura da na'urori da horar da ma'aikata da kuɗin gyara na kowace shekara. Idan kuɗi bai isa ba, gara a kammala ɓangare guda ya fara aiki, da a tayar da ɓangare uku a bar su ba rufi. Araha ba ta ado: ɗan kwangilar da ya fi kowa sauƙin farashi, in bai taɓa gina ɗakin gwaje-gwaje ba, tsada ce ke tafe.

Rawar da al'umma da shugabanni za su taka

Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, ta kuma tanadi diyya a kan abin da mutum ya raya a kai, kamar gini da amfanin gona. Ya kamata dagatai da masu unguwanni su tsaya a ƙirga komai a gaban mai shi, a rubuta, a kuma lura da burtali da hanyar kasuwa da maƙabarta tun kafin a ja shinge.

Idan aiki ya kankama, ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya lura da wasu abubuwa. Shin an kafa allon da ke nuna sunan aikin da ɗan kwangila da masu sa ido? Shin ana shayar da sabon kankare ruwa na aƙalla kwana 7, tun da sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa? Shin bulo yana marmashewa a hannu? Shin ina magudanar ginin ta nufa? Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya kai maganar ga kansila ko hakimi ko sashen ayyuka na makarantar, maimakon ya tsaya cacar baki da leburori. Haka kuma shugabanni su nemi a ɗauki magina da birkiloli da kafintoci na gari, su ja kunnen matasa a kan satar waya da ƙarfe, domin wayar da aka sace yau, darasin ƙanin ɓarawon ne aka sace gobe.

Kammalawa

Ginin da aka yi da kyau yakan yi shekara 50 ko fiye yana aiki, wato yaran da ba a haifa ba tukuna za su yi karatu a cikinsa. Muna kira ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ci gaban gari da su fara tun daga tushe, su duba halin da ɗakunan gwaje-gwaje na makarantun sakandaren yankinsu suke ciki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kuma kira ga iyaye, duk ranar da suka kai ziyara jami'a, su nemi a nuna musu ɗakin da 'ya'yansu ke gwaji, su murɗa famfo su ga ko ruwa na zuwa. Allah Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka, amin.